Yadda Ake Share Nakiyoyin Teku Masu Igiya: Fasahar da Ke Buɗe wa Jiragen Ruwa Hanya

Ranar 14 ga watan Afrilun 1988, wani jirgin ruwan yaƙi na Amurka mai suna USS Samuel B. Roberts yana cikin tafiya a Tekun Fasha, sai sojan da ke gadi a goshin jirgin ya hango wasu baƙaƙen dunƙulallun abubuwa guda uku a cikin ruwa. Nan take aka tsayar da jirgin, aka fara ja da baya sannu a hankali ta hanyar da aka shigo. Ana cikin haka sai ta huɗu, wadda ba wanda ya gan ta, ta tashi a ƙarƙashinsa. Ta yi wa jirgin ƙaton rami, ta karya ƙarfen da ke matsayin ƙashin bayansa, mutum 10 suka ji munanan raunuka. Da ƙyar aka hana shi nutsewa.

Gyaran jirgin ya lashe kusan dala miliyan 90. Ita kuwa nakiyar da Iran ta dasa, an ƙiyasta kuɗinta bai wuce dala 1,500 ba. Sunanta M-08, kuma a Rasha aka fara ƙera irinta a 1908, shekara biyar kacal bayan Turawa sun ci Kano. Ba ta da kwamfuta, ba ta da kyamara. Tulun ƙarfe ne cike da abin fashewa, ɗaure da igiya, yana jira.

Wannan igiyar ita ce ƙarfin nakiyar, ita ce kuma lagonta. Kusan duk dabarun da sojojin ruwa suka ƙirƙiro cikin shekaru sama da 100 don kawar da irin wannan makami, a kan tambaya ɗaya suka ginu: ta yaya za a tsinke igiyar ba tare da mai tsinkewar ya rasa ransa ba?

Me ya haɗa Bakori da nakiyar teku?

Tsakanin Bakori da gaɓar teku akwai tazarar da ta haura kilomita 600, don haka mai karatu na iya cewa ina ruwan biri da gada. Amma a duba buhun takin NPK da manomin masara ke saye a Funtuwa ko Malumfashi. Ko da a Najeriya aka haɗa shi, sinadarin fosfet da fotash da ke ciki daga ƙetare aka kawo su, a cikin jirgin ruwa. Yawancin alkamar da ake burodi da taliya da ita ta ruwa ta shigo. Haka babura, farantan sola da baturansu. Kwantenar da aka ɗora a tashar tsandauri ta Funtuwa ma, ƙarshen tafiyarta bakin teku ne.

Hanyoyin jiragen ruwa kuma suna da wuraren da suke matsewa kamar wuyan kwalba. Ta mashigin Hormuz kaɗai ake fitar da kimanin kashi ɗaya cikin biyar na man da duniya ke amfani da shi, ga kuma takin yuriya mai yawa daga ƙasashen yankin. Ba sai an nutsar da jirage da yawa ba kafin irin wannan hanya ta toshe. Da zarar an ji labarin nakiya ɗaya, kamfanonin inshora sun tsawwala kuɗi, masu jirage sun dakata, farashi ya tashi a kasuwar duniya.

An ga haka a 2022. Bayan Rasha ta afka wa Ukraine, tashar Odesa da maƙwabtanta sun tsaya cak, kuma nakiyoyin da aka dasa a gaɓar Bahar Aswad na cikin dalilan da suka hana jiragen hatsi fita, sai bayan yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Istanbul ranar 22 ga Yulin shekarar. Ba nakiya kaɗai ce ta ɗaga farashin fulawa da taki a lokacin ba, amma tana da nata kason.

Legas ma ta taɓa ɗanɗanawa. A watan Mayun 1941, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, jirgin ƙarƙashin ruwan Jamus mai lamba U-69 ya zuba nakiyoyi a bakin tashoshin Takoradi da Legas. Ranar 4 ga Yuni, jirgin yashe ruwa mai suna Robert Hughes ya ci karo da ɗaya a mashigar tashar Legas, ya nutse.

Yadda nakiyar take

Nakiyoyin teku kashi uku ne. Akwai mai kwanciya a ƙasan teku tana sauraron ƙara ko maganaɗisun jirgi. Akwai mai yawo a saman ruwa duk inda igiyar ruwa ta kai ta. Sai mai igiya, wadda ita ce batun wannan rubutu.

Duk wanda ya taɓa turke akuya da damina ya fahimci tsarinta. Akwai turke, akwai igiya, akwai abin da aka ɗaure. A nan turken wani nauyin ƙarfe ne da ke zaune a ƙasan teku. Igiyar waya ce ta ƙarfe. Abin da aka ɗaure kuwa tulun ƙarfe ne, rabinsa abin fashewa, rabinsa iska, don haka kullum so yake ya taso sama, igiyar na riƙe da shi 'yan mitoci ƙasa da saman ruwa, inda ido ba ya gani amma cikin jirgi zai taɓa. Abin fashewar da ke cikin M-08 ya kai kilo 115, wato ya fi buhun masara nauyi.

A jikin tulun akwai ƙahoni. Kowane ƙaho bututu ne na dalma, ƙarfe mai taushi, a cikinsa akwai 'yar kwalba mai ruwan asid, kamar kwalbar maganin allura. A ƙasan kwalbar akwai ƙaramin batir busasshe. Duk mai gyaran babur ya san sabon batir da ke zuwa da ruwansa daban: muddin ba a zuba masa ruwan ba, ba shi da wuta, kuma zai iya daɗewa a ajiye bai lalace ba. To haka wannan yake. Idan jirgi ya goge ƙahon, dalmar ta lanƙwashe, kwalbar ta fashe, asid ya gangara cikin batir, wuta ta samu, sai fashewa. Shi ya sa nakiya ke iya shekaru a ruwa tana nan da ranta, domin babu cajin da zai ƙare. Ana kiran wannan ƙahon da sunan Hertz, Bajamushen da ake danganta ƙirƙirarsa gare shi a ƙarni na 19.

Akwai kuma dabarar da nakiyar ke bi ta daidaita wa kanta zurfi ba tare da an auna tekun ba. Idan aka jefa ta, tulun na tsayawa a saman ruwa, turken ya fara nitsewa yana warware waya daga wani kwarkwaro da ke cikinsa. A ƙarƙashin turken akwai ɗan ƙaramin nauyi da ke reto a wata gajeriyar igiya, a ce mai tsawon mita 3. Shi ke fara taɓa ƙasa. Yana taɓawa igiyarsa ta saki, wani ɗan makulli ya datse kwarkwaron, waya ta daina warwarewa. Turken na da sauran mita 3 kafin ya zauna, don haka sai ya ja tulun ƙasa da mita 3 daidai. Ko tekun zurfin mita 20 ne ko 80, sakamakon ɗaya ne. Lissafi ne da ƙarfe da igiya kawai suka yi shi.

Dabarar farko: waya tsakanin jirage biyu

Yaƙin Rasha da Japan na 1904 zuwa 1905 ne ya nuna wa duniya cewa wannan makami ba na wasa ba ne. A watan Afrilun 1904 nakiya ta nutsar da babban jirgin yaƙin Rasha mai suna Petropavlovsk, tare da kwamandan rundunar, Admiral Makarov. Daga nan manyan ƙasashe suka duƙufa neman magani.

Maganin farko daga wajen masunta aka aro shi. Kamar yadda mutum biyu ke jan taru, kowa na riƙe da gefe ɗaya, haka jirage biyu ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da doguwar waya a tsakaninsu, ta yi lanƙwasa a bayansu cikin ruwa. Kowane jirgi yana jan wani allo mai nauyi da ke danne wayar ƙasa, don ta wuce ta ƙarƙashin tulun nakiyar, ta kama igiyarsa. Ana saƙa wayar da kaushi kamar zarto, ta yi ta gurzar igiyar har ta tsinke, ko kuma a ja nakiyar zuwa wuri marar zurfi. Birtaniya ma jiragen kamun kifi da masuntansu ta ɗauka aikin a Yaƙin Duniya na Ɗaya, domin sun saba da jan kaya masu nauyi a ruwa.

Matsalar wannan hanya a fili take. Jiragen biyu ne a gaba, wayar na baya, wato su ne ke fara shiga ruwan da ba a share ba. Dole kuma su riƙa tafiya daidai da juna, ba sauri, ba kauce-kauce, ko da ana harbinsu.

Mashigin Dardanelles na Turkiyya ya bayyana wannan rauni a 1915. Jiragen masuntan da Birtaniya ta tura shara sun kasa aiki, ga ruwa mai ƙarfi na tura su baya, ga bindigogin Daular Usmaniyya na yi musu ruwan wuta daga tudu. Cikin dare wani ƙaramin jirgi mai suna Nusret ya jera nakiyoyi 26 a wani lungu da manyan jiragen ke juyawa. Ranar 18 ga Maris, manyan jiragen yaƙi uku suka nutse: Bouvet na Faransa, wanda ya tafi da mutum sama da 600, da Irresistible da Ocean na Birtaniya. Daga ranar aka haƙura da ƙoƙarin kutsawa ta ruwa kaɗai.

A shekarun wannan yaƙin ne wasu hafsoshin Birtaniya biyu, Dennistoun Burney da Cecil Usborne, suka fito da na'urar da ake kira faraben. Siffarta kamar ƙaramin jirgin sama mai fukafukai, ana jan guda biyu daga goshin jirgi, ɗaya dama ɗaya hagu. Wayoyinsu na buɗewa kamar kan kibiya, su ture igiyar nakiya daga jikin jirgin, ta zame har bakin wani almakashi da ke jikin na'urar. Faraben kariyar kai ce ga jirgin da ke ɗauke da ita. Share wa wasu hanya kuwa, sai da aka jira wata dabarar.

Oropesa: jirgi ɗaya, waya a karkace

Wajen ƙarshen yaƙin aka gwada sabon tsari a kan wani jirgin kamun kifi mai suna Oropesa, sunan ya bi tsarin har yau. Da shi jirgi ɗaya ke yin aikin da a da sai biyu. Sassansa biyar ne:

1. Wayar shara. Doguwar wayar ƙarfe mai ɗaruruwan mitoci, ana sakinta daga injin naɗewa da ke bayan jirgin.

2. Allon dannewa. Yana kusa da jirgin, aikinsa ya nitsar da farkon wayar zuwa zurfin da ake so.

3. Allon karkatarwa. Yana can ƙarshen wayar. Wanda ya taɓa fitar da tafin hannu ta tagar mota tana gudu ya san yadda iska ke fizgar hannun gefe idan aka ɗan karkata shi. Haka ruwa ke yi wa wannan allo: yana tura shi gefe, ya ja wayar ta bar bayan jirgin ta yi waje a karkace.

4. Tulu mai tuta. Dogon tulu ne da ke yawo a saman ruwa, allon karkatarwar na rataye a jikinsa. Tsawon igiyar da ke tsakaninsu ne ke ƙayyade zurfin ƙarshen wayar, tutar kuma na nuna wa matuƙa iyakar inda sharar ta kai.

5. Mayanka. Ana jera su a jikin wayar, tazara bayan tazara.

Idan wayar ta ci karo da igiyar nakiya, gudun jirgin na sa igiyar ta riƙa zamewa a jikin wayar tana yin waje, har ta faɗa bakin mayanki. Mayankan iri biyu ne. Akwai mai baki kamar lauje biyu da aka haɗa, wanda ƙarfin jan jirgin ke sa shi yanka. Akwai kuma mai harsashi: igiyar na shiga bakinsa ta taɓa wata 'yar kunama, harsashin ya tashi, ya harba kurfi mai kaifi ya datse ta. Wannan na biyun sau ɗaya yake aiki, sai an jawo shi an sake ɗura masa.

Ana iya sakin waya ta gefe ɗaya ko ta gefe biyu. Idan jirage da yawa ne, ba sa jerawa a layi ɗaya. Kowane jirgi na bin ɗan gefen na gabansa, yana tafiya a cikin ruwan da wayar na gaban ta riga ta share, tasa wayar kuma na ƙara faɗin. Kamar huɗa ce da garmar shanu: kowace kunya na jingine da wadda ta gabace ta, ba a barin tsiri a tsakani. A bayansu akwai jirgin da ke jefa alamomi masu tuta don a san iyakar inda aka share. Jirgin farko ne kaɗai ba shi da mai share masa, don haka akan sa ƙananan jirage marasa zurfin ciki su wuce gabansa.

Bayan an yanke igiya

Tsugune ba ta ƙare ba. Igiya na tsinkewa tulun zai taso sama, ƙahoninsa na nan. Yarjejeniyar Hague ta 1907 ta wajabta cewa duk nakiyar da ta rabu da turkenta ta daina aiki, kuma masu ƙira kan sa wani makunni da ke yanke wuta idan jan igiyar ya saki. Amma tsatsa da ƙananan halittun ruwa da ke manne wa ƙarfe kan daskarar da makunnin. Saboda haka ba sojan ruwan da ke yarda da nakiyar da ta taso.

A da, harbinta ake yi da bindiga daga nesa. Ba lalle ta fashe ba. Abin da ake so shi ne a huda tulun ruwa ya shiga ta nitse. Illar hakan ita ce an bar abin fashewa a ƙasan teku, wata rana komar masunta ta kwaso shi. Yanzu an fi son a tura ƙwararrun masu nutso su manna mata ɗan abin fashewa, su janye, a tarwatsa ta.

Haɗarin nakiyar da ta tsinke ba tarihi ba ne. A ƙarshen Maris na 2022 Turkiyya ta dakatar da zirga-zirga na ɗan lokaci a mashigin Bosphorus saboda wata da aka gani tana yawo. A watan Satumbar shekarar, wata ta fashe a jikin jirgin sharar nakiya na Romaniya da aka tura ya lalata ta, lokacin da iska da igiyar ruwa suka yi ƙarfi. A Janairun 2024 Turkiyya da Romaniya da Bulgeriya suka sa hannu kan kafa rundunar haɗin gwiwa don wannan aiki.

Masu dasawa ma ba su zauna ba

Duk dabarar da mai shara ya fito da ita, mai dasawa na neman makarinta. Wasu sun mayar da saman igiyar sarƙa, wadda mayanki ba ya iya ci da sauƙi. Wasu sun sa wani ɗan gargare mai haƙora a tsakiyar igiyar, wanda ke barin wayar shara ta ratsa ta wuce nakiyar na nan daram. Wasu kuma sukan dasa tuluna marasa nakiya a cikin jerin, ɗauke da ƙugiya ko wuƙa ko ɗan abin fashewa, aikinsu kawai su tsinke wayar sharar. Waya ɗaya ta tsinke, an yi asarar sa'o'i.

Shi kansa tekun na taya su. Idan ruwa na gudu da ƙarfi, yakan kwantar da igiyar, tulun ya ƙara nitsewa, wayar shara ta wuce ta samansa. Ruwan na lafawa ya dawo mazauninsa. Sannan akan cakuɗa masu igiya da masu kwanciya a ƙasa, waɗanda waya ba ta taɓa su sam, sai an ja wasu na'urori masu kwaikwayon ƙara da maganaɗisun jirgi don a yaudare su su tashi.

Amurka ta sha wannan darasi a Wonsan da ke Koriya ta Arewa a watan Oktoban 1950. Kimanin nakiyoyi 3,000, da yawansu da ƙananan jiragen katako aka dasa su, sun tsare rundunar jirage kusan 250 a teku na kwanaki. Ranar 12 ga watan, jiragen shara biyu, Pirate da Pledge, suka nutse. A 1991 ma, a yaƙin Kuwaiti, nakiya mai igiya ta Iraƙi ta huda USS Tripoli, jirgin da shi ne ke jagorantar aikin sharar.

Ina Najeriya a wannan fage?

Rundunar sojin ruwan Najeriya na da tsohuwar alaƙa da wannan aiki. Jirgin da Birtaniya ta miƙa mata a 1959, wanda aka raɗa wa suna Nigeria, asalinsa jirgin sharar nakiya ne mai suna HMS Hare, daga zamanin Yaƙin Duniya na Biyu.

A 1987 da 1988 kuma rundunar ta karɓi jirage biyu daga kamfanin Intermarine na Italiya: NNS Ohue mai lamba M371 da NNS Barama mai lamba M372, 'yan samfurin Lerici. Tsawon kowanne kimanin mita 50 ne. Ba da ƙarfe aka yi gangar jikinsu ba, da roba mai zaren gilashi ne, dangin abin da ake yin wasu kwale-kwalen zamani da shi, don kada su ja hankalin nakiya mai jin maganaɗisu, kuma jikin ya iya shanye girgizar fashewa. An haɗa musu kayan zamani biyu: wayar Oropesa ta gargajiya, da na'urar sona tare da ƙananan na'urorin nutso da ake sarrafawa daga cikin jirgi.

Dalilin mallakarsu a bayyane yake ga wanda ya dubi taswira. Mashigar tashar Legas siririya ce, haka hanyar Bonny da jiragen mai da iskar gas ke bi. Ƙasar da kasuwancinta na waje ya rataya a kan irin waɗannan ƙofofi ba ta da zaɓi illa ta tanadi mai buɗe su.

Daga shara zuwa farauta

Duk cigaban da aka samu daga baya manufarsa ɗaya ce: a nisanta mutum da nakiya.

Matakin farko shi ne ɗaga mai jan wayar sama. Amurka ta yi amfani da jirage masu saukar ungulu wajen share tashar Haiphong ta Biyetnam a 1973 da mashigin Suwez a 1974. Babban jirginta MH-53E Sea Dragon na jan kayan yanka mai suna Mk 103, wanda Oropesa ce aka rage wa nauyi. Ƙahon nakiya ba ya taɓa abin da ke shawagi a sama.

Mataki na biyu shi ne a daina lalube cikin duhu. Shara makauniya ce, mai jan waya bai san abin da ke ƙasa ba sai ya kama. Farauta kuwa da ido ake yin ta, kuma idon shi ne sona. Na'urar na aika sauti cikin ruwa, ta saurari amsa-kuwwar da ta dawo, ta zana hoto da ita, kamar yadda na'urar hoton ciki ke yi wa mai juna biyu a asibiti. Nakiya mai igiya na fitowa a allon kamar ɗigo mai haske a tsakiyar ruwa, turkenta a ƙasa.

Idan an gano ta, sai a tura na'urar nutso. Samfurin PAP 104 na Faransa da Pluto na Italiya na zuwa da kyamara, su ajiye abin fashewa ko su maƙala mayanki a igiyar, su dawo. SeaFox na Jamus kuwa ba ya dawowa. Ƙarami ne, tsawonsa bai kai mita ɗaya da rabi ba, yana jan siririn zaren gilashi irin na intanet, wanda ke kawo hoton bidiyo kai-tsaye ga mai sarrafawa. Idan ya tabbatar nakiya ce, ya danna maɓalli, su tashi tare. Wannan hanya ta fi yanka, domin ba a sakin komai ya yi yawo.

Mataki na uku shi ne na yanzu: na'urori masu tafiya da kansu. A 2003 an yi amfani da REMUS 100 a tashar Umm Qasr ta Iraƙi. Ana tsara masa hanya a kwamfuta, a sake shi, ya yi ta kai-komo layi-layi yana ɗaukar hoton sona, ya dawo da bayanai. Tunda siginar GPS ba ta ratsa ruwa, da na'urorin auna motsi yake lissafin inda yake, manyan yayyen waɗanda ke cikin wayar salula masu juya allo idan an karkata ta. Beljiyam da Holan sun haɗa kai wajen ƙera sababbin jirage da za su tsaya can nesa da filin nakiya, su riƙa tura ƙananan jirage marasa matuƙi su shiga.

A nan masu rubuta manhaja suka shigo. Ƙasan teku cike yake da duwatsu, tsofaffin tayoyi, durom-durom da tarkacen jirage, kuma da yawansu kamar nakiya suke a hoton sona. Ana horar da manhajar ƙirƙirarriyar basira da tarin hotuna don ta tace su, kusan yadda waya ke koyon gane fuskar mai ita. Bambancin shi ne tsadar kuskure. Idan manhajar ta cika tsoro, ta ɗauki kowane dutse nakiya, aikin kwana uku ya koma na wata guda. Idan ta cika sakaci, ta tsallake guda ɗaya, jirgi ya tafi. Shi ya sa har yanzu mutum ne ke yanke hukuncin ƙarshe.

Me ya sa ba a cewa an gama?

Ƙwararrun wannan fanni ba sa cewa ruwa ya tsarkaka ɗari bisa ɗari. Da kaso suke magana: an bi layin sau kaza, da kayan da ke kama kashi kaza, don haka ragowar haɗarin kaza ne. Sai hukuma ta yanke ko wannan ragowar abin ɗauka ce. Kuma ba duka tekun ake sharewa ba, siririyar hanya ake buɗewa a sa mata alama, jirage su bi a jere.

Dasawa aikin dare ɗaya ne, kwashewa kuwa na iya cin shekaru. A 1918 Amurka da Birtaniya sun zuba nakiyoyi masu igiya sama da 70,000 tsakanin Sikotilan da Norwe cikin 'yan watanni, aka shafe yawancin 1919 ana fama da kwashe su. A Tekun Baltik kuwa, har yau ƙasashen Estoniya da Latbiya da Lituweniya na karɓar baƙuncin wani atisaye na shekara-shekara mai suna Open Spirit, inda jiragen ƙasashe daban-daban ke fito da nakiyoyin yaƙe-yaƙen duniya biyu, waɗanda masu dasa su suka daɗe da mutuwa.

Don haka idan labari ya fito a waya cewa ana fargabar nakiyoyi a Hormuz ko Bahar Maliya ko Bahar Aswad, akwai tambayoyi uku da za su nuna wa mai karatu girman lamarin: wace irin nakiya ce, mai igiya ko mai kwanciya? Jiragen shara nawa ne a kusa? Kuma za a bar su su yi aiki ba tare da ana harbinsu ba? Amsar waɗannan ce ke nuna ko hanyar za ta buɗe cikin makonni ko cikin watanni, kuma a cikin wannan tazarar ne farashin buhun taki ke motsawa kafin damina ta sauka a Bakori.